Gadar Sama Ba Ta Kai Ɗan Ƙauye Gida

Jama'a, akwai wata magana da muka daɗe muna haɗiyewa, yau dai za mu amayar da ita, wanda zai ji haushi ya ji. Maganar kuwa ita ce, birnin Kano ba ya iya wuni guda ba tare da ɗan ƙauye ba, amma kusan duk wanda ya riƙe akalar mulki a wannan ƙasa, daga mai kaki har mai babbar riga, yana tsara harkar sufuri ne kamar ɗan ƙauyen nan ba ya cikin lissafi. Ana ta ɗaga gadoji sama a tsakiyar birni ana yanka kintinkiri ana tafi, alhali hanyar da mutumin Zakirai ko na Madobi zai bi ya zo birnin, da wadda zai bi ya koma wurin iyalinsa da magariba, an bar ta ta tsufa, ta ruɓe, ta zama tarko. Mu a ganinmu wannan rashin adalci ne, kuma rashin dabara ne, domin wanda aka manta da shi ɗin shi ne ke ɗauke da birnin a ka.

Mai karatu ya tsaya ya yi tunanin su wane ne ke shigowa Kano tun kafin hantsi. Birkila da leburansa da ke ɗora bulo a sababbin unguwanni, daga ina suke? Mai kawo tumatir da albasa da kabeji kasuwar 'Yankaba, da mai sauke buhunan gero da wake a Dawanau, da 'yan dakon Singa da na Kantin Kwari, da matan Fulani masu tallan nono da man shanu, da masinjan ofis, da mai gadin makaranta, da ma'aikacin masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa, kaso mai yawa daga cikinsu ba a birni suke kwana ba. Daga Gezawa suke, da Minjibir, da Dawakin Kudu, da Kura, da Tofa, da Bichi, da Wudil. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4, amma ƙananan hukumomi 8 na cikin birni da kewaye ba su kai miliyan 3 ba a cikin wannan adadi. Wato sama da kashi biyu cikin uku na Kanawa suna zaune ne a sauran ƙananan hukumomi 36. To, in har da ƙuri'a ake hawa mulki, mu dai ba mu ga dalilin da zai sa masu rinjaye su zama su ne saniyar ware a wajen rabon kwalta ba.

Abin da muka gada

Kada wani ya ce mana ai dama haka ƙasar take tun fil azal. Sam, ba haka take ba. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. A 1929 aka kai reshe daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, a 1930 kuma aka kammala wanda ya tashi daga Kano ya nufi Nguru, tafiyar fiye da kilomita 200. Ba mu ce Turawan mulkin mallaka sun yi wannan aiki don suna ƙaunarmu ba. Gyaɗarmu suke so, da audugarmu, da fatunmu, su kwashe su kai bakin teku su loda wa jiragensu. Amma ko da muguwar niyya aka haƙa rijiya, ruwanta yana kashe ƙishirwa. Layin Nguru ya ratsa ta Jogana, da Zakirai, da Ringim, da Taura, da Gagarawa, da Malam Madori, da Birniwa. Layin kudu ya bi ta Challawa, da Madobi, da Ɗangora, kafin ya shiga ƙasar Zazzau. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa ya samu tasha, tashar ta haifi kasuwa, kasuwar ta haifi unguwa. Dattawanmu suna nan da ransu, a tambaye su yadda talaka ke hawa jirgi da buhunsa da akuyarsa a kan kuɗi ƙalilan, ya je birni ya yi cinikinsa.

Wannan dukiya ce aka miƙa mana a 1960, tare da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya wadda aka kafa tun 1955. Muka ma ƙara a kai, don kuwa a 1964 ne dogo ya isa Maiduguri. A wannan shekarar jiragen ƙasa sun ɗauki fasinja sama da miliyan 11 a faɗin ƙasar nan. Shekara goma kacal bayan haka, wato a 1974, adadin ya faɗo zuwa miliyan 4 da 'yan kai. Me ya faru a tsakani? An yi yaƙin basasa, gaskiya ne, amma babban abin da ya faru shi ne kuɗin man fetur ya shigo, idon mahukunta ya rufe, aka ga mota ita ce wayewa, jirgin ƙasa kuwa kayan tsofaffi ne. A 1979 aka ɗauko Indiyawa aka damƙa musu ragamar hukumar, harka ta ɗan farfaɗo, suka tafi a 1982, aka koma gidan jiya. A 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ba wani kamfanin ƙasar Sin kwangilar gyara, aka sayo kawunan jirgi da taragai, amma zuwa 2003 fasinjan da hukumar ke ɗauka a shekara bai kai miliyan 2 ba, a ƙasar da mutanenta suka ninka na 1964 fiye da sau biyu. A watan Disamba na 2012 aka sake buɗe zirga-zirga tsakanin Legas da Kano da kiɗa da busa. Yau dai muna tambaya, akwai wani ma'aikaci a Jogana ko a Madobi da zai iya cewa kullum safiya jirgi yake kamawa ya isa wurin aiki a kan lokaci? In akwai shi, a nuna mana shi mu yi masa barka.

Abin takaicin shi ne dogon yana nan kwance, ya ratsa ƙauyukan da ma'aikatan ke fitowa, ya shigo har tsakiyar birni, kusa da manyan kasuwanni. Filin da za a biya diyyarsa an riga an biya tun zamanin kakanninmu. Gadojin da zai haye an riga an gina. Amma mutumin da gidansa ke kallon digar jirgi sai ya taka ya tsallake ta, ya je bakin titi ya tsaya jiran kiya-kiya. Wannan ai shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Da dogo ya mutu, kwalta ta ɗauki gawarsa

Wani zai ce, to, me ya haɗa mutuwar jirgin ƙasa da ramukan da ke kan titi? Abin da ya haɗa su a fili yake. Kayan da jirgi ke ɗauka a da, su siminti, da taki, da hatsi, da shanu, da man fetur, ba su daina tafiya ba don jirgi ya tsaya. Kan tirela da tanka suka koma. Injiniyoyin hanya kuwa sun daɗe da sanin wani lissafi, tun wani babban gwaji da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960, cewa in nauyin da ke kan layin taya guda ya ninka sau biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta ba sau biyu take ninkawa ba, kusan sau 16 ne. Ke nan tirela guda da aka yi wa lodin ganganci tana cin titi fiye da dubban ƙananan motoci. Ita ke fasa kwalta, ruwan damina ya samu ƙofa ya shige ƙarƙashi ya jiƙa ƙasar da aka daɓe, sai wurin ya lotsa, mota ta bi ta kai, ya zama rami. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ke biyan kuɗin wannan ɓarna kuwa ba mai tirela ba ne. Fasinjan hayis ne, wanda direba zai ƙara masa kuɗin mota saboda kullum yana wurin bakanike.

Wani lokacin kuma ba da kuɗi ake biya ba, da rai ake biya. A daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar fetur da ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa. Jama'a suka taru ɗibar man da ke malala, wuta ta tashi, mutum sama da 150 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu da rahama. An yi ta surutu a kan talauci da ganganci, kuma duka gaskiya ne. Amma mutum nawa ne suka lura cewa daga Kano zuwa Nguru ita ce tafiyar da aka shimfiɗa wa dogo tun 1930, kuma dogon ya bi ta ƙasar Taura ɗin? A da, jirgi na jan taragan mai. Da an raya wannan layi, da wataƙila wannan tanka ba ta da abin da zai kai ta tsakiyar garin mutane da tsakar dare.

Mu yi adalci. An yi wasu manyan hanyoyi, ba mu musa ba. Hanyar Kano zuwa Zariya, wadda aka fara sake gina ta a 2018 cikin aikin Abuja zuwa Kano, duk wanda ya bi ta ya ga bambanci. Amma ɗan ƙauye ba a bakin babban titi aka haife shi ba. Kafin ya iso kwalta sai ya yi tafiyar kilomita biyar ko goma ko fiye a kan burji, ko ma a kan turbar shanu, bisa babur. Da rani ƙura ce da yashi, da damina kuwa taɓo ne da zaizaya da kwalbatin da ruwa ya tafi da shi shekara uku ba a mayar ba. Nan ne mai naƙuda ke haihuwa a kan amalanke kafin a kai ta asibiti. Nan ne kwandon tumatir ke narkewa kafin ya ga mai saye. Nan ne kuma mutane ke sayar da ransu su shiga kwalekwale. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani kwalekwale da ya ɗauko mutane daga ƙauyen Badau za su Bagwai, yawancinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi, ya nutse a ruwan dam ɗin Watari, aka tabbatar da rasuwar aƙalla mutum 29. Babu uban da zai cusa ɗansa cikin kwalekwalen da ya yi lodi fiye da kima in yana da hanya mai kyau, gajeriya, mai araha. Rashin zaɓi ne ya saka su a ciki.

Ciwon kuwa ba na rashin gina sabo ba ne kawai, na rashin kula da tsoho ne. A zamanin En'e da tsohuwar Ma'aikatar Ayyuka, kowane yanki na hanya yana da leburorinsa da helumansu, da diga da shebur da baro. Aikinsu kullum shi ne su cike ɗan ramin da ya ɓullo, su yashe lambatu, su sare ciyawar gefen hanya kafin ruwa ya sauka. Ba su da digiri, amma sun san cewa ruwa shi ne babban abokin gabar titi. Aka rushe wannan tsari aka koma tsarin kwangila, inda ƙaramin rami ba ya jawo hankalin kowa, don babu riba a cikinsa. Sai an bari hanya ta mutu murus, sannan a ware mata biliyoyi a ce za a sake ta. Hukumomi kam an kafa su ba adadi. A 1986 an kafa ta samar da abinci da hanyoyin karkara, a 1988 aka fito da shirin motocin sufurin jama'a, a tsakiyar shekarun 1990 aka yi asusun rarar man fetur, a 2002 aka kafa hukumar gyaran hanyoyin tarayya. Kowacce ta zo da sunanta da tambarinta da motocin shugabanninta. Lebura guda mai shebur da ke kwana a kusa da hanyar, shi ne dai har yau ba a mayar ba.

Lissafin aljihun talaka

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Ba mu zo nan don mu yi muhawara a kan ko janyewar ta dace ko ba ta dace ba. Abin da muke cewa shi ne, a ƙasar da ke da jirgin talaka, in mai ya yi tsada sai mutum ya bar mota ya koma jirgi. A nan kuwa an janye tabarma ne alhali ba a shimfiɗa ko buhu ba.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne a tarayya, Jihar Kano ta sa nata 71,000. Mu ƙaddara ma'aikaci yana zaune a gari mai nisan kilomita 40 daga birni, kamar Wudil ko Bichi, mu kuma ƙaddara naira 1,000 kacal yake kashewa a zuwa, 1,000 a komawa, har da kuɗin a-daidaita-sahun da zai ɗauke shi daga tasha zuwa ofis. A kwanakin aiki 22 ya kashe naira 44,000. Saura 27,000, a ciki zai ci, ya ciyar, ya sayi magani, ya ɗinka wa yara kayan makaranta. Ko ɗan aji ɗaya ya san wannan lissafi ba ya fita. Shi ya sa ma'aikaci ke zuwa aiki kwana uku a mako, ya haɗa baki da abokinsa su riƙa yi wa juna karɓa-karɓa. Shi ya sa magidanci ke barin iyalinsa a ƙauye ya kwana a barandar shago ko a masallacin tasha daga Litinin zuwa Juma'a. Sannan a fito a rediyo a ce ma'aikata ba su da kishin aiki.

Mu da muke riƙe da alli mun san wannan ciwo ta ɗaya fuskar, domin tafiyar ba ta gefe guda ba ce. Kamar yadda ɗan ƙauye ke shigowa birni neman abinci, haka malamin makaranta da malamar asibiti ke fita daga birni zuwa ƙauyen da aka tura su. Gidajen malamai da aka gina a makarantun karkara yawancinsu sun zube, saboda haka sai jigila. Malami ya fito bayan sallar asuba ya tsaya a tashar 'Yankaba ko Ƙofar Ruwa ko Unguwa Uku ko Kabuga yana jiran mota ta cika, don direba ba ya tashi sai an danna mutum huɗu a kujerar mutum uku, biyu a gaba. Kafin ya sauka a mararraba, ya nemi ɗan acaɓa, ya isa makaranta, darasin farko ya wuce, na biyu ya yi nisa. Darasin farko kuwa galibi shi ne Lissafi ko Turanci. Ƙwararren malamin kimiyya da aka tura ƙauye ba ya shekara sai ya nemi hanyar da za a mayar da shi birni, kuma ba mu ga laifinsa ba. In sakamakon jarrabawa ya fito aka ga makarantun karkara a ƙasa, sai a kafa kwamiti a ce a binciko dalili. Ba sai an kafa kwamiti ba. A je a duba hanyar.

Ina kuɗin ya tafi?

Ba a ce babu kuɗi ba. Daga 2011 zuwa yau, a duba abin da aka zuba a cikin birnin Kano: gadar sama ta Ƙofar Nassarawa, da ta ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya, da doguwar gadar Sabon Gari, da mai hawa uku ta Dangi, da ta Hotoro, sannan aka shiga ta Ɗan Agundi da ta Tal'udu. Gwamnatoci uku ne, amma a kan gadar sama bakinsu ɗaya. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Gadar sama tana fitowa a hoto, ana sa mata sunan babban mutum, baƙo na ganinta ranar da ya sauka. Kwalbatin ƙauye kuwa ba mai ɗaukar hotonsa. Ba mu ce gadojin ba su rage cunkoso a mahaɗar da aka yi su ba. Amma gada ba ta rage yawan motoci, tura su take yi su je su cushe a gaba. Abin da ke rage motoci shi ne a ba mutum ɗari biyar abin hawa guda ɗaya. Kuma in an tambayi mai gadar, shin ta rage wa mutumin Gezawa ko sisin kwabo a kuɗin mota, me zai ce?

An yi alkawura ma na karkara. An fito da aikin titi mai kilomita biyar a kowace hedikwatar ƙaramar hukuma, tunani mai kyau, amma da gwamnati ta sauya sai da yawansu suka yi shekaru a yashe, sun zama kududdufi a tsakiyar gari, saboda wanda ya gada ba ya so a yaba wa wanda ya fara. A 2016 aka sa hannu da wani kamfanin ƙasar Sin a kan jirgin cikin birnin Kano na dala biliyan 1.85, aka nuna mana zane a takarda, gwamnatin ta gama wa'adinta ba mu hau ba. Ita ma tarayya ta buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, ta ƙaddamar da na Kano zuwa Maraɗi da na Kaduna zuwa Kano a 2021. Muna maraba da su, Allah Ya sa a gama lafiya. Amma waɗannan jirage ne na doguwar tafiya, na ɗan kasuwa da babban ma'aikaci da kayan fito. Jirgin da ke wucewa ta bayan gidanka da gudu, sau ɗaya ko sau biyu a rana, bai warware maka matsalar zuwa aiki ƙarfe takwas ba.

Amsa ga masu uzuri

Mun san abin da za a ce mana, don mun sha ji. Na farko, za a ce tsohon dogo ƙarami ne, zamaninsa ya wuce. Wannan magana ce ta wanda bai bincika ba. Faɗin tsohon dogonmu milimita 1,067 ne. A kan irin wannan faɗin ne yawancin jiragen da ke kai ma'aikata aiki a birnin Tokiyo na ƙasar Japan ke gudu, suna ɗaukar miliyoyin mutane a kullum, haka ma jiragen Afirka ta Kudu. Su ba su ce ya tsufa ba, gyara shi suke yi. Jirgin da zai tsaya a kowace tasha bayan kilomita goma ba gudun tsiya yake bukata ba, cika alkawari yake bukata, ya zo ƙarfe shida in an ce ƙarfe shida.

Na biyu, za a ce jirgin fasinja ba ya kawo riba. Muna tambaya, gadar Dangi nawa take kawowa a wata? Fitilun kan titi fa? Ba a gina hanya don ta mayar da kuɗinta a bakin ƙofa, ana gina ta ne don jama'a su yi arziki, gwamnati ta samu haraji daga arzikinsu. A yawancin ƙasashen duniya, har da masu bin jari-hujja sau da ƙafa, gwamnati ce ke cike gurbin kuɗin jirgin ma'aikata. In kuma ana neman inda za a samo, ai an ce mana kuɗin tallafin mai da aka janye ya ƙara wa jihohi kaso. To, ga inda ya kamata a gan shi.

Na uku, za a ce harkar jirgin ƙasa ta gwamnatin tarayya ce, jiha ba ta da hannu. Da can wannan uzuri yana da ƙafa, yanzu kam an karya ta. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyaran tsarin mulki da ya cire jirgin ƙasa daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu, ya ba jihohi dama su ma su yi. Jihar Legas ta buɗe layinta na farko a 2023, na biyu a 2024, kuma na biyun ya bi ne ta filin dogon tarayya. In Legas ta iya zama da hukumar jiragen ƙasa suka daidaita, me zai hana Kano da Jigawa su haɗa kai a kan layin da ya ratsa su duka biyu?

Na huɗu, wanda ya fi ba mu haushi, shi ne masu cewa wanda tafiya ta dama ya tattaro ya dawo birni mana. Ya dawo ina? Ya biya kuɗin haya da me? Gonarsa kuma ya bar wa wa? Ai wannan shawara ita ce ta cika gefen birni da unguwannin da ba titi, ba lambatu, ba ruwan famfo, ta cika tashoshi da samari marasa aikin yi. Mutumin da zai iya kwana a gidan ubansa, ya duba gonarsa da yamma, ya ga tarbiyyar 'ya'yansa, sannan ya zo birni ya yi aikinsa da safe, ya sauke wa birni nauyi ne. Hanya mai kyau zuwa ƙauye ita ce maganin cunkoson birni mafi araha, amma masu tsara mana birni sun kasa gane haka.

Ba mahukunta kaɗai za mu fuskanta ba. Akwai ɓarayin da ke kwance ƙarafan dogo da dare su sayar wa 'yan gwangwan, da manyan dilolin da ke saye suna sane. Akwai masu kafa rumfuna da shaguna a kan filin dogo, da masu mayar da shi juji. Akwai direban da ke ɗora wa motar mutum tara mutum goma sha huɗu da buhuna a sama, da jami'in da ke miƙa hannu ya karɓi na goro ya ɗaga masa shinge. Duk wanda ya saci ƙusa guda daga dogo ya sani cewa daga bakin maƙwabcinsa ya ƙwace lomar. Sai dai kuma kayan da mai shi ya yasar shi ne ɓarawo ke samun ƙarfin halin ɗauka. Dogon da jirgi ke bi sau shida a rana ba ya kwantuwa.

Abin da muke nema

Ba mu nemi a kawo mana jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa ba. Buƙatunmu na masu ƙaramin ƙarfi ne. A gyara tsohon dogo daga Ringim zuwa Kano, da kuma daga Ɗangora zuwa Kano, a sa jirgin safe da na yamma mai tsayawa a kowace tasha, da lokaci tsayayye da tikiti na wata ga ma'aikata da ɗalibai. A mayar da siminti da taki da man fetur kan taragai, a kafa sikeli a manyan hanyoyi a hana lodin da ya wuce ƙa'ida. Garuruwan da dogo bai bi ta kansu ba, irin su Bichi da Gwarzo da Wudil, a sa musu manyan motocin safa masu tashi a kan lokaci, ko sun cika ko ba su cika ba. A mayar da leburorin hanya, a ɗauke su daga ƙauyukan da hanyar ta ratsa, kowace ƙaramar hukuma ta san kilomita nawa ke wuyanta, a kuma liƙa lissafin a bainar jama'a. A kafa doka cewa ba za a fara sabuwar gada a birni ba sai an nuna abin da aka ware don gyaran hanyoyin da ake da su. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Ga 'yan uwanmu mazauna karkara kuma, kalma guda ce. Lokacin zaɓe na zuwa, kuma ranar ce kaɗai manyan motoci masu baƙin gilashi ke gane hanyar ƙauyenku, ramukan ma ba sa hana su. In sun zo da atamfa da taliya da sabulu, ku tambaye su jirgin safe, ku tambaye su kwalbatin da ruwa ya cinye, ku sa su faɗi wata da shekarar da za a gama, a gaban dagaci da liman. Wanda ya kasa ba da amsa, a bar shi ya je ya nemi ƙuri'a a wurin gadar da ya gina. Allah Ya ba mu shugabanni masu jin kukan na ƙasa, Ya kai kowane matafiyi gidansa lafiya, amin.